Wayar salula da lafiya: Abin da bincike ya gano

Tun bayan da aka soma amfani da wayar tafi-da-gidanka ta GSM a Nijeriya a watan Agustan 2001, turakun sadarwa sun shiga cikin unguwannin birnin Sakkwato, daga Mabera zuwa Arkilla da Runjin Sambo, wasu ma katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidajen jama'a.

A shekarar 2023 alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, sun nuna cewa layukan da ke aiki a ƙasar sun haura miliyan 200.

Muhimmancin wayar ya fito fili a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga.

To sai dai har yanzu jama'a na tambaya ko tururin da waya da turke suke fitarwa yana da illa ga lafiya.

Wane irin tururi ne?

Wayar salula tana aikawa da saƙo ne ta igiyoyin rediyo, dangin waɗanda gidajen rediyo da talabijin suke amfani da su.

Masana sun kasa tururi gida biyu. Akwai mai ƙarfin da zai iya lalata ƙwayoyin halitta, kamar wanda ake ɗaukar hoton ƙashi ko ƙona sankara da shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Na wayar salula yana cikin kashi na biyu, wanda ba shi da wannan ƙarfi. Tasirin da aka tabbatar yana yi a jiki shi ne ɗumama fata da tsoka kaɗan.

Galibin zafin da mutum yake ji a kunne bayan doguwar hira, musamman a bazarar Sakkwato, yana fitowa ne daga batir da kuma toshe iska da wayar ta yi.

Manyan nazarce-nazarce

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shiri na musamman kan batun a 1996. A 2000 kuma wani kwamiti a Birtaniya ƙarƙashin Sir William Stewart ya ce bai ga shaidar illa ba, amma ya ba da shawarar a taƙaita wa yara amfani da waya.

Binciken Interphone, wanda aka gudanar a ƙasashe 13 aka wallafa a 2010, bai gano ƙaruwar sankarar ƙwaƙwalwa a tsakanin masu waya gaba ɗaya ba.

Amma ya ga alamar ƙari a tsakanin waɗanda suka fi kowa yawan kira, wato sa'o'i 1,640 ko fiye. Masu binciken sun ce mai yiwuwa kuskuren tuni ne ya jawo hakan, domin majinyata aka tambaya game da kiran da suka yi shekaru da dama baya.

A watan Mayun 2011 cibiyar binciken sankara ta IARC da ke Lyon a Faransa ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin 2B, na abubuwan da ake zaton suna iya haddasa sankara amma hujjar ba ta da ƙarfi. Taba sigari, wadda aka tabbatar da illarta, tana rukuni na 1 ne.

A 2018 wani binciken gwamnatin Amurka ya gano ƙari a zuciyar wasu ɓeraye maza da aka riƙa haska wa tururin a duk jikinsu, kimanin sa'o'i 9 a kullum har shekara 2. Wannan ya zarce abin da mai waya yake gamuwa da shi nesa ba kusa ba.

Nazarin mata kimanin 776,000 a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2022, bai ga bambanci tsakanin masu waya da marasa ita ba. Haka ma binciken Mobi-Kids kan matasa 'yan shekara 10 zuwa 24 a ƙasashe 14.

A watan Satumban 2024 masana ƙarƙashin jagorancin Ken Karipidis na Ostareliya, bisa buƙatar Hukumar Lafiya ta Duniya, suka tace nazarce-nazarce 63 na tsakanin 1994 da 2022. Sun ce babu alaƙa tsakanin waya da sankarar ƙwaƙwalwa, ko da an shekara goma ana amfani da ita.

Duk da haka ba a rufe babin ba, domin kwamitin da ke ba IARC shawara ya nemi a sake duba batun.

Turaku a cikin unguwa

Eriyar da ke kan turke tana harba sigina ne zuwa nesa, kuma ƙarfinsa yana raguwa sosai da tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ke isa ga maƙwabta ya yi ƙasa ƙwarai da iyakar da hukumar ICNIRP ta gindaya a 1998, ta kuma sabunta a 2020.

Hasali ma, idan turke ya yi nisa ne waya take ƙara ƙarfin siginarta. Don haka mai kira daga ƙauyen da sabis ke da rauni ya fi mazaunin tsakiyar Sakkwato samun tururi daga wayarsa.

A Nijeriya an taɓa samun saɓani kan tazarar turke da gidaje: ƙa'idar NCC ta 2009 ta ce mita 5, ta hukumar kare muhalli, NESREA, ta 2011 kuma ta ce mita 10. Ƙa'idojin sun kuma shafi ƙarar janareta da hayaƙinsa da kuma ingancin ginin turken.

Jita-jita da haɗarin zahiri

A 2004 da 2011 an baza raɗe-raɗin cewa akwai lambobin da ke kashe wanda ya amsa kiransu. A 2020 kuma aka danganta fasahar 5G da cutar korona, alhali sai a 2022 aka ƙaddamar da ita a ƙasar. NCC ta ƙaryata zargin.

Haɗarin da babu jayayya a kansa yana kan hanya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin hatsari, kuma dokar hanya a Nijeriya ta haramta hakan.

Ga mai son yin rigakafi kuwa, masana na ba da shawarar amfani da abin sawa a kunne ko buɗe lasifika, da gajarta kira, da kuma jinkirta doguwar hira har sai an samu sabis mai ƙarfi.