Sa ido kan cutar mura a Jihar Kano

Sa ido kan cutar mura tsari ne na ɗaukar samfurin majina daga hanci da maƙogwaron marasa lafiya, domin a gano irin ƙwayar cutar da ke yawo a kowace kaka. A Najeriya an kafa shi ne bayan ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a gonakin kaji na Kaduna da Kano a 2006, aka fara tattara samfuri a 2008.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin asibitoci huɗu da aka fara da su. Sauran suna Abuja, Legas da Nnewi. Ana aika samfurin zuwa ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa a Abuja, ƙarƙashin hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa (NCDC), sakamakon kuma ya shiga rumbun bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke zaɓen nau'in rigakafin kowace shekara.

Ma'aunin zaɓen marar lafiyar da za a ɗauki samfurinsa a bayyane yake: zazzaɓin da ya kai digiri 38, da tarin da ya soma cikin kwana goma. Idan abin ya kai ga kwantarwa, sai a lissafa shi cikin masu tsanani.

Raunin tsarin shi ne nisa. Mutumin Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa da tari ya kama lokacin hunturu yakan tsaya a kemis ko asibitin garinsu, inda galibi gwajin zazzaɓin cizon sauro ake fara yi. Sai wanda aka tura birni ne ke da damar shiga lissafi.