Jamusawa a Ƙasar Hausa

Jamusawa reshe ne na wata babbar zuriya ta arewacin Turai, wadda ta haɗa su da Turawan Ingila da mutanen Holan da Danmak da Suwidin da Norwe. Ba su taɓa mulkar Kano ko Katsina ko Damagaram ba. Sai dai daga ƙarni na 19 zuwa yau, kaso mai tsoka na abin da Turai ta rubuta game da harshen Hausa da tarihin masu shi daga hannunsu ya fito, tare da taimakon Hausawan da suka yi aiki da su.

Asalin zuriyar

Masana suna danganta tushen waɗannan al'ummomi da kudancin Sikandinebiya da arewacin Jamus ta yau, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rumawa ne suka fara rubuta labarinsu. A littafinsa Germania na shekara ta 98, Tacitus ya kwatanta su da cewa makiyaya ne kuma manoma, masu yanke manyan shawarwari a taron maza ƴantattu, kowa da mashinsa. Idan an yi kisa, akan biya dangin mamaci da dabbobi, kamar dai diyya. Kafin Kiristanci suna bautar alloli irin su Wodan da Donar. A shekara ta 9, wani jagoransu mai suna Arminius ya hallaka rundunoni uku na Rumawa a dajin Teutoburg.

Daga ƙarni na 4 zuwa na 6 ƙabilunsu suka bazu. Got suka ci birnin Rum a 410. Bandal suka ƙetara zuwa Afirka ta Arewa a 429, suka kama Kartej, a Tunisiya ta yau, a 439. Angul da Sakson suka sauka Birtaniya, Farank kuma suka kafa daular da ta haifi Faransa. Ita kuwa Jamus ba ta zama ƙasa guda ba sai a 1871, shi ya sa Jamusawan farko da suka zo ƙasar Hausa galibi Ingila suke yi wa aiki.

Heinrich Barth

Friedrich Hornemann ya biyo ayari daga Murzuk a 1800, ya rasu a ƙasar Nupe bai koma gida ba. Wanda ya fi shahara shi ne Heinrich Barth, haifaffen Hambug a 1821, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdul Karim. Ya taso daga Tarabulus a 1850 tare da Bature ɗan Ingila James Richardson da Bajamushe Adolf Overweg. Ya ziyarci Agadas, sannan a Janairun 1851 suka rabu a Damargu: Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi Gobir da Maraɗi, shi kuma ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a Fabrairu. Ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin da fatake suka cika gari, ya kuma yi dogon bayani a kan saƙa da rini da inda tufafin Kano ke kaiwa.

Richardson ya rasu a 1851, Overweg a 1852, duka a ƙasar Barno. Barth ya ci gaba shi kaɗai. Ya iso Damagaram a ƙarshen Disamban 1852, ya koma Katsina, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya sauka Wurno da Sakkwato. A Gwandu ya samu kwafin littafin Tarihin Sudan, ya kwafi abin da ya iya a cikin ƴan kwanaki. Ya haye Kwara a Sayi, ya isa Tambutu a Satumban 1853, inda Shehu Ahmad al-Bakka'i ya ba shi mafaka. Ya koma Landan a 1855, littafinsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858 da Jamusanci da Ingilishi. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne ya iya Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, yana hira da malamai ba tare da tafinta ba.

Dorugu

A cikin ayarin Barth akwai yara biyu da Overweg ya fanshe su daga bauta: Abbega, ɗan ƙabilar Margi, da Dorugu, Bahaushe. An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, ƙauye a ƙasar Kance, wato yankin da Matamaye da Ɗan Barto suke a jihar Damagaram ta yau. Yana yaro mahara suka kama shi, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa. Bayan rasuwar Overweg ya bi Barth har Tambutu, daga nan zuwa Ingila da Jamus.

A Ingila ya zauna hannun James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan. Dorugu yana faɗa, Schön yana rubutawa: labarin kama shi, tafiyar Sahara, yadda Turawa ke zama cin abinci, da tatsuniyoyi masu yawa. Da wannan Schön ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Tarihin rayuwar Dorugu yana cikin dogayen zuben Hausa mafi daɗewa da aka buga da boko. Ya dawo Afirka a 1864, daga baya ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, haifaffen Basel a Suwizalan, ya buɗe a Nasarawa ta Kano. Ya rasu a 1912.

Zamanin rabon ƙasa

Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Jamus ta nemi ƙulla hulɗa da Sakkwato. Paul Staudinger ya kai kyaututtukan Sarkin Jamus Wilhelm na I ta Keffi da Zariya da Kano, amma wakilin kamfanin Ingila Joseph Thomson ya riga shi zuwa. Staudinger ya wallafa labarin tafiyarsa a 1889. A wannan yanki, rabon Jamus ya tsaya a Kamaru da Togo. A arewacin Kamaru da yaƙi ta shiga, ta kama Garwa a 1901 da Marwa a 1902.

A zangon Kete-Krachi, wanda a lokacin yake Togo ta Jamus, yanzu kuma Gana, jami'i Adam Mischlich ya yi karatu a wajen Alhaji Umaru, malami haifaffen Kano, wanda ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami. Ƙamusun Mischlich na Hausa da Jamusanci ya fito a 1906. Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawan Salaga ke kira Malam Musa, ya tara rubuce-rubucen ajami da aka ajiye a Balin. Rudolf Prietze kuma ya tattara karin magana da waƙoƙi daga bakin Hausawa mazauna Tunis da Alƙahira. Jamus ta rasa Togo a 1914, Kamaru a 1916.

Bayan ƴancin kai

Nazarin Hausa ya ɗore a jami'o'in Hambug da Kolon da Furankfut da Bayreuth da Leipzig. Ekkehard Wolff ya wallafa cikakken nahawun Hausa da Jamusanci a 1993. Muryar Jamus, DW, ta buɗe Sashen Hausa a 1963 a birnin Kolon, kuma daga Bon take watsa shirye-shiryenta a yau zuwa Nijar da Najeriya da Gana da Kamaru.