Kurmin Kogin Challawa Jiya da Yau

Ni ɗan ƙasar Ƙaraye ne, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da na yi da kakana a hutun da ya wuce. Na tambaye shi yadda bakin Kogin Challawa yake a zamanin ƙuruciyarsu, sai ya ce kurmi ne mai duhu, ga kanya da maɗaci da giginya, ga guza da birai, ga tarwaɗa da ƙarfasa a gurabe. Mutum ba ya shiga su sai da izinin Sarkin Ruwa, wanda yake hana kamun kifi lokacin da yake ƙwai.

Watau tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da dokar kare kogi. Da Turawa suka zo sai aka keɓe gandayen daji a ƙarƙashin En'e. Alal misali, gandun Kogin Kano, wanda a yau ake kira Dajin Falgore, ta haka ya samu.

Amfanin kurmi ba ɓoyayye ba ne. Saiwoyinsa suna riƙe gaɓar kogi kada ruwa ya zaizaye ta, inuwarsa tana hana gurabe ƙafewa da wuri da rani, tsuntsaye kuma suna samun wurin sheƙa.

Babban sauyi ya zo a 1992, lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, bayan ta Tiga da aka gama a 1974. Masunta da manoman rani na Ƙaraye da Rogo sun amfana, amma ruwa ya cinye gonaki da kurmi mai yawa. Bugu da ƙari, Challawa da Kogin Kano su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Da aka tare su, ambaliyar da take ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Waɗannan fadamu kuwa su ne masaukin tsuntsayen da suke tasowa daga Turai kowace shekara, har aka sa wani sashensu cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, aikinmu biyu ne. Mu zauna da tsofaffi mu rubuta sunayen itatuwa da dabbobin da suka sani tun suna raye, sannan mu roƙi hukuma da sarakuna su keɓe ɗan kurmin da ya rage daga gatarin masu gawayi. Allah ya sa mu dace.