Dokar Title IX da Kuɗin Wasannin Mata a Jami'o'i

Title IX doka ce ta Amurka da Shugaba Richard Nixon ya sanya wa hannu ranar 23 ga Yuni, 1972. Ta haramta nuna bambanci tsakanin maza da mata a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, har a fagen wasanni. Sai dai akwai matsala wajen rabon kuɗin wasanni: ƙwallon ƙafa irin na Amurka yana lashe kaso mai tsoka, har wasu jami'o'i suka soke ƙungiyoyin kokawar maza maimakon ƙara wa mata kasafi.