Daga Madugu Zuwa Kwamfuta: Tarihin Lissafin Amfanin Gona a Karkarar Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Katsina da kaka ya iso Dawanau zai tarar da manyan motoci a jere, wasu ana sauke musu gero da wake da riɗi, wasu ana yi musu lodi zuwa Ikko ko Maraɗi. Kowace mota daga cikinsu amsa ce ga wasu tambayoyi da wani ya yi wa kansa tun watanni kafin nan. Nawa za a noma bana? A ina? Wa zai saya, kuma a kan nawa? A ina za a ajiye, da me za a ɗauka? A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin duniya sun fara miƙa wannan lissafi ga abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau kwamfutar da ake koya wa nazarin bayanan baya don ta yi hasashen gaba. Ana kuma cewa mu ma lokaci ya yi da za mu bi sahu. To, masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu duba yadda aka yi wannan lissafi a karkarar arewacin Kano a da, inda aka dace da inda aka yi kuskure, don mu san abin da za mu tambayi sabuwar na'urar kafin mu ba ta ragama.

Lissafin Manomi da na Madugu

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, irin su Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Ɗambatta, tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta, kowace shekara sai an noma. A 1965 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da J. Wilson, ya wallafa nazari a kan wannan yanki, ya kuma nuna abin da ke riƙe da shi. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su fito da mangalar taki zuwa gonaki. Awaki da tumaki su ci harawa, a kwashe takinsu a mayar gona. Mai gida kuwa yakan haɗa gero da dawa da wake ko gyaɗa a gona guda, domin in wani ya ƙi wani ya yi. Idan an yi girbi ya san dami nawa zai zuba a rumbu, nawa ne na iri, nawa zai kai kasuwa. Wannan ma tsari ne, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba.

Haka kuma fatake. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan ɗauki kanwa da tufafi da fatu zuwa Gwanja su sayo goro, tafiyar watanni. Madugu shi ne mai lissafin ayari. Shi ya san zangon da ke da ruwa, da sarkin da za a biya kuɗin fito, da hanyar da ake yaƙi a kanta. Goro kuwa ba ya jira, in aka yi jinkiri sai ya lalace. Labarin farashi yana samuwa daga fatoma da dillali da wasiƙun 'yan'uwa da ke zaune a zangunan hanya. Ashe tun can asali jarin ɗan kasuwa biyu ne, dukiya da labari.

Auduga Aka Nufa, Gyaɗa Ta Zo

Hasashe mafi girma da aka taɓa yi a kan ƙasar Kano Turawa ne suka yi shi, kuma bai yi daidai ba. A 1902 masu masaƙun Lankasha a Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, don su rage dogara ga audugar Amurka. Sun ji labarin saƙa da rinin Kano, sai suka ƙaddara cewa da zarar an kawo jirgin ƙasa, auduga za ta yi ta kwarara zuwa teku. Wannan fata na cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa reluwe daga Baro, wanda ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Amma manomi ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da farashin Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, tana shiga tsakanin gero da dawa ba tare da ta hana su ba, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarta abincin dabba ce, in kuma shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Ba wanda ke cin auduga. Daɗin daɗawa, ga haraji da ake nema da tsabar kuɗi, ga masana'antun Turai suna neman mai don yin man shafa wa burodi da sabulu. Tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu Koƙi da Maikano Agogo, suka karɓi kuɗi daga kamfanoni suka baza yaransu cikin ƙauyuka. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan dubu 3 ba. A 1913 ta haura tan dubu 19. Buhuna suka cika tashar Kano, jirgi ya kasa kwashewa. Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan labari a littafinsa na 1978.

Abin lura a nan shi ne, Turawan ba su rasa ilimi ko kuɗi ko alƙalumma ba. Abin da suka rasa shi ne sanin yadda mai gona yake auna amfaninsa. Kuma a daidai wannan lokaci damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar Kakalaba a 1914, wadda ta hallaka jama'a masu yawa. An shirya hanyar fitar da gyaɗa, amma ba a shirya ta shigo da abinci ba.

Zamanin Dala da Hukumar Ciniki

Daga nan ciniki ya kafu. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya kuma yi fataucin goro, ya zama wakilin Kamfanin Neja a 1918, har ya zama babban mai sayen gyaɗa kafin rasuwarsa a 1955. A ƙarƙashin manyan wakilai akwai ƙananan masu awo da 'yan baranda, har zuwa kan mai jaki da ke bin gida gida. Kuɗi kan sauko daga sama tun kafin kaka, gyaɗa ta hau daga ƙasa bayan girbi. Manomin da hatsinsa ya ƙare a tsakiyar damina yakan ci bashin falle, ya biya da gyaɗa a farashi mai rauni.

Dalar gyaɗa, wadda muke alfahari da hotonta, tana da fuska biyu. Alama ce ta albarkar noma, domin dala guda kan ɗauki buhu har dubu 15. Amma kuma alama ce ta gazawar sufuri. Bayan yaƙin duniya na biyu kawunan jirgi da taragai suka yi ƙaranci, gyaɗar wata shekara ta riƙa tarar da ta bara ba a kwashe ba, ƙwari suka shiga suka yi ɓarna. Da jirgi ya wadata, da ba a tara ta haka ba.

A lokacin yaƙin ne gwamnati ta karɓe ikon ciniki. Aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Nijeriya a 1949, sannan Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa a 1954. Hukuma ce ke yanke farashi kafin a buɗe kasuwa, ita ke ba wakilai lasin, ita ke tsara jigila zuwa Ikko da Fatakwal. Tsari ne na gaske, da ƙididdiga da akawuna da rasidai, kuma a shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sai dai farashin da ake ba manomi yakan gaza na kasuwar duniya, rarar kuwa ta shiga ayyukan gwamnati. Wanda ke riƙe da littafin lissafi shi ke raba riba.

Shekarar 1975

Littattafan Hukuma sun san yawan buhun da ya iso ma'auni. Ba su san abin da ke faruwa a cikin kunya ba. Fari ya auku daga 1972 zuwa 1974. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin ɗarɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta dubu 700 a arewacin Nijeriya. Ga kuɗin man fetur ya janye matasa zuwa birni, ga hatsi ya yi daraja. Manomi ya sake yin lissafinsa kamar yadda kakansa ya yi a 1912, ya juya ga gero da dawa da wake. Daloli suka ɓace. An sake fasalin hukumomin ciniki a 1977, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, aka rushe su a 1986 a zamanin Janar Babangida. Duk wanda ya ɗauki ƙididdigar shekaru 20 kafin 1972 ya yi hasashe da ita, da bai hango yadda gyaɗa za ta durƙushe haka ba.

Dawanau da Wayar Hannu

Bayan Hukuma ciniki ya koma hannun 'yan kasuwa. Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a ƙasar Dawakin Tofa, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Kayan da aka tara a kasuwannin mako, kamar ta Ɗambatta ran Lahadi, can suke nufa. Da wayar hannu ta zo a 2001, labarin farashi ya daina jiran direba. Wata masaniya mai suna Jenny Aker ta nazarci kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wannan shaida ce cewa labari, in ya isa hannun kowa, yana amfanar kowa.

Ina Matsayin Ƙirƙirarriyar Basira?

Yadda take aiki ba sihiri ba ne. Ana zuba mata farashin shekarun baya, da ma'aunin ruwan sama, da hotunan gonaki daga tauraron ɗan'adam, da kuɗin mota, ta tsinto alaƙar da idon mutum ba zai gani ba, ta ce ga abin da ake zato. Amfaninta kuwa a fili yake. A 2025 gwamnatin Indiya ta aika wa manoma kimanin miliyan 38 hasashen saukar damina ta waya, wanda aka yi da irin wannan na'ura. Da an sami makamancin haka a 1975, mai hango yaɗuwar ɗarɓa tun da wuri, da wataƙila an rage asara. Amma tarihin da muka bi ya bar mana tambayoyi uku.

Ta farko, me za a ciyar da ita? Yawancin cinikin karkara da tiya da buhu ake yin sa, bisa amana, ba a shigar da shi kwamfuta. Gonar da aka haɗa gero da wake da gyaɗa a ƙarƙashin gawo da ɗorawa tana da wuyar tantancewa daga sama, balle a watan Agusta da hadari ke rufe ƙasa. Hatsin da ke rumbu, da man gyaɗa da ƙuliƙulin da mata ke yi a cikin gida, ba sa cikin kowace ƙididdiga. Na'urar da ba ta ga waɗannan ba za ta maimaita kuskuren mutanen Lankasha, sai dai cikin sauri.

Ta biyu, yaya za ta yi da abin da bai taɓa faruwa ba? An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. A 2023 kaɗai an yi ƙarancin takardar naira, an janye tallafin man fetur, an kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulki. Kowanne ya girgiza Dawanau, kuma babu wanda ke cikin farashin shekarun baya. A irin wannan rana ana bukatar madugu, mai sanin hanya da mutane.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, a hannun wa za ta kasance? Idan babban ɗan kasuwa kaɗai ya san tun watan Satumba cewa gero zai yi tsada a Yuni, zai saye da arha ya kulle a sito, manomin da ya sayar ya dawo ya saya da ninki. A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwa kuma suka musanta. Ko ma wa ke da gaskiya, rigimar ta nuna cewa babu wani adadi da kowa ya yarda da shi game da abin da ke ajiye. Dogara ga baƙi ma ba ta da tabbas. Shirin FEWS NET na Amurka, mai gargaɗin yunwa tun 1985, an dakatar da shi na wasu watanni a 2025 saboda canjin siyasa a can.

Kammalawa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau biyu, a 1912 da 1975, manomin karkarar Kano ya rushe tsarin da aka yi ba da shi ba. Saboda haka aikin yana wuyanmu, ɗalibai da malamai. Muna da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da gonar gwaji ta IITA a Minjibir. Ɗalibin aikin gona da na kwamfuta su shiga kasuwannin mako su rubuta farashi da awo. Ɗalibin Hausa ya tattara sunayen iri da na ƙasa da alamomin damina daga bakin dattawa, domin na'ura ta ji harshen mai gona. Abin da aka samu kuma a sanar da shi a rediyo da waya cikin Hausa, kyauta, yadda mai buhu biyu a Kunci zai ji shi ranar da mai sito a Dawanau ya ji.