Daga Takarda Zuwa Majigi: Tarihin Tsara Labarin Fim A Ƙasar Hausa

Fim ba ya tsayuwa sai bisa rubutaccen tsari, kuma tarihinmu ya tabbatar da haka. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙagaggen labari ne, sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka rarraba shi fitowa-fitowa, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Haka Kulɓa Na Ɓarna na ɗan Katsina Umaru Ɗanjuma Kasagi, wasan kwaikwayo ne rubutacce kafin Brendan Shehu ya ɗauke shi a majigi.

Da finafinan bidiyo suka kunno kai a Kano da Turmin Danya a 1990, sai gaggawar kasuwa ta sa masu shiryawa da dama suka koma faɗa wa 'yan wasa labari da baka, kowa ya ƙirƙiri zancensa. Sakamakon haka shi ne labari ya yi ta tsawo, waƙa ta cike giɓi. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24 su suka dawo da martabar marubuci, domin dole kowane kashi ya samu shimfiɗa, da ƙulli, da warwara.

Wannan darasi ne ga matasanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Labaran ƙauyukanmu, na noma da na rashin tsaro, suna jiran alƙalami. Idan ba mu koyi tsara su ba, baƙi ne za su ba da su a madadinmu.