Rana, Kogi da Jari: Inda Ya Kamata Sauyin Makamashi Ya Fara a Wudil

Wanda ya tsaya a kan gadar Wudil da rani ya dubi gaɓar kogin Haɗejiya, kunnensa zai riga idonsa sanin cewa ana noma a wurin. Ƙarar ƙananan injinan ban ruwa ce ke tashi daga lambunan tumatir, albasa da tattasai, kuma kusan kowane inji fetur yake sha. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Wasu manoman suka rage faɗin gona, wasu suka juya injinansu zuwa gas ɗin girki. Daga nan maganar sola ta bar zauren taron masana ta shiga hirar bakin lambu.

Hujjar wannan maƙala ita ce: a gari irin Wudil, abin da ya tsaya tsakanin jama'a da makamashi mai sabuntuwa matsala ce ta jari da kulawa, kuma wurin da ya fi dacewa a fara warware ta shi ne ban ruwan noman rani, kafin a zo kan wutar gida.

Rana dai ba a rasa ta ba. Arewacin Nijeriya na cikin yankunan da suka fi samun hasken rana a duniya, kuma masananmu sun daɗe da fahimtar haka. A Nijar, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar binciken makamashin rana ta ƙasar tun 1969. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun farkon shekarun 1980. Abin da ya sauya daga baya shi ne farashi, domin tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya. Jihar Kano ta ga amfanin wannan sauƙi a manyan ayyuka: tashar Jami'ar Bayero mai ƙarfin megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da ta Kumbotso mai megawat 10 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023. Sai dai wutar farko ta jami'a ce, ta biyu kuma an gina ta ne domin ta shiga babban layi kusa da masana'antun Challawa. Mai lambu a Wudil ba ya cikin lissafinsu.

Me ya sa na ce a fara da ban ruwa? Dalilin yana cikin yadda na'urar kanta take aiki. Farantin sola yana ba da wuta ne lokacin da rana take sama, alhali magidanci ya fi buƙatar wuta bayan magariba. Dole ke nan a ajiye wutar a batir, kuma batir shi ne mafi tsada da saurin mutuwa a cikin kayan, musamman na dalma, wanda zafin bazara ke gajarta masa kwana. Farantin kan yi shekara ashirin ko fiye, amma batirin dalma a nan da wuya ya wuce 'yan shekaru. Injin ban ruwa kuwa ba ya buƙatar batir ko ɗaya. Lokacin da shuka ta fi jin ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi, watannin noman rani kuma su ne watannin da gajimare ya fi ƙaranci. Idan ana son ajiya, sai a tara ruwan a tanki ko kududdufi, wanda ya fi kowane batir araha. Ga shi a fadama ruwa ba shi da nisa, ƙaramin famfo ya isa ya ɗago shi. Ban san wani aiki a karkarar Kano da buƙata da wadata suka haɗu daidai kamar wannan ba.

To, in haka ne, me ya hana kowa sauyawa? Fetur, duk da tsadarsa, yana da wata falala da masu tallata sola ba su cika faɗa ba: ana sayensa kaɗan-kaɗan. Manomi zai sayi lita biyu yau a wurin ɗan bumburutu, gobe ya sayar da kwandon tumatir ya ƙaro uku. Sola kuwa tana neman a biya kuɗin man shekaru da yawa a rana ɗaya. Mai hali ya biya ya huta, talaka ya ci gaba da sayen mai, kuma a ƙarshe shi ne ya kashe kuɗi mafi yawa. Idan aka bar kasuwa ita kaɗai, sola za ta ƙara nisa tsakanin babban manomi da ƙarami. Wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin.

Maganinsa bashi ne da aka auna da kalandar noma, wanda ake biya bayan an kwashe amfani, ba a ƙarshen kowane wata kamar na ma'aikacin albashi ba. Al'ummarmu ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tsari. Akwai adashi, akwai ƙungiyoyin manoma, akwai kuma cinikin murabaha da bankunan da ba sa karɓar ruwa suke yi, inda banki zai sayi famfon ya sayar wa manomi a kan ribar da aka sani tun farko. Haka nan manoma huɗu ko biyar da gonakinsu ke maƙwabtaka za su iya mallakar famfo guda su riƙa karɓa-karɓa. Tallafin gwamnati zai fi amfani idan ya tsaya wa irin wannan bashi, maimakon rabon kayan kyauta da kan ƙare a hannun 'yan kaɗan.

Sai batun kulawa. Darasin Lambar Rimi a Jihar Katsina ya isa misali: tashar iska mai megawat 10 da injina 37, wadda ta shafe fiye da shekara goma tana jan ƙafa, har da sace wani injiniyan Faransa da ke aikin a Disambar 2012. Kafa na'ura abu ɗaya ne, raya ta wani abu ne daban. A ƙaramin mataki ma haka ne. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi, yashin kogi yana cinye famfo, jabun kaya sun cika kasuwa, ga ɓarayi. Injin fetur ya yi ƙarko a ƙauyukanmu ne saboda kowace kasuwa tana da makanikin da zai kwance shi ya ɗaura. Sai famfon sola ya samu irin wannan makaniki kafin manomi ya amince masa da amfanin shekararsa. A nan Wudil ta fi garuruwa da yawa dama, domin tana da jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda tun 2022 ake kira Jami'ar Aliko Ɗangote. Gajerun kwasa-kwasai da Hausa ga makanikan janareta, da ɗakin gwajin da zai tantance ingancin farantan da ake sayarwa, aiki ne da jami'ar za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba.

Akwai suka guda da ya cancanci a saurara. Tsadar fetur tana tilasta wa manomi tattalin ruwa. Idan ɗago ruwa ya zama kyauta, wa zai kashe famfo? Kogin da ya ratsa Wudil ba na Wudil kaɗai ba ne. Madatsun Tiga da Challawa sun riga sun rage ambaliyar da dausayin Haɗejiya da Nguru ke rayuwa a kanta, kuma masunta, makiyaya da manoman Jigawa da Yobe suna jiran abin da ya rage. Saboda haka duk shirin yaɗa famfunan sola dole ya zo da ƙa'idar girman famfo da auna zurfin ruwan rijiyoyi a kai a kai, tare da hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are.

Kada kuma a ɗora wa sola abin da ba za ta iya ba. Ba ta dafa tuwon gidan mutum goma sha biyar da araha, don haka itace da gawayi za su ci gaba da cin dazuzzuka. Kasuwar shanu ta Wudil, wadda ke ci kowace Juma'a, tana tara kashin shanu mai yawa, kuma idan aka rufe shi a rami marar iska yana fitar da gas ɗin girki, ragowar kuma ta koma gona a matsayin taki. Wannan ya cancanci gwaji na tsanaki a kusa da kasuwar, a auna yawan kashin da ake samu a mako da ruwan da aikin zai ci, kafin a yi wa kowa alkawari.